Tufafin Gado: Yadda Ake Adana Su da Yadda Ake Baje Su a Gida

A gidajen Hausawan Sudan, daga Mai Wurno da Sinnar zuwa Wad Madani, Gadarif, Kasala da Omdurman, ba a rasa wata tsohuwar adaka ko sahhara da ba a cika buɗewa ba. A can ƙasanta ake tarar da kayan da kakanni suka taho da su daga yamma, wasu a kan hanyar hajji, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka yiwo gabas tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno. Rigar saƙi mai aska takwas, rigar tsamiya, rawani ɗan Kura, bargon luru, wani lokaci har gutsuren lifidi. Kusa da su kuma ga na nan ƙasar: damur saƙar hannu, garmasis, mayafin silikin amarcin kaka, da zanin gado na haɗe-haɗe da tsofaffi ke ɗinkawa da ƙyallayen tela.

Masu ɓata irin waɗannan kaya sanannu ne: asu, gara, gyare, ɓera, laima da rana. Amma hannun mai kayan ya fi su duka ɓarna, kuma da kyakkyawar niyya yake yi. Wata ta ga rigar kakanta ta dafe, sai ta jiƙa ta da garin sabulu ta kwana. Wani ya feshe ta da turare ya ƙulle a leda. Wani ya buga ƙusa ya rataye ta a falo inda rana ke dukanta kowace safiya. Tufar da ta shekara ɗari lafiya lau a ƙasan adaka, sai ta ƙare cikin shekara biyu.

A buɗe, a duba, a tambaya

A zaɓi ranar da babu habub, wato guguwar ƙura, babu hadari. A shimfiɗa farin zanin gado mai tsabta a kan gado ko tabarma a cikin ɗaki. A wanke hannu a tsane shi sarai, a cire zobe da awarwaro da agogo, don su ne ke kama zare su ja. Mai sabon lalle ko wadda ta shafa turaren humra ta bari sai wata rana.

Kada a cafi riga ta wuya a ɗaga sama, kada kuma a kakkaɓe ta. A zura hannu biyu a ƙarƙashinta a tallabo ta gaba ɗaya, sannan a warware ninki ɗaya bayan ɗaya. Inda aka ji ninkin ya ƙage, a dakata, a bar shi ya saki da kansa. A tsohuwar rigar saƙi za a ga wani farin layi ya bi ta inda aka daɗe ana ninkewa. In aka matso da ido, zaren wurin ya kakkarye ne, shunin ya goge, kuma nan za ta fara tsagewa.

Abin da ake nema shi ne ƙananan huji, ɗan gari mai kama da yashi a cikin ninki, farar saƙa kamar ta gizo-gizo, ɗigon baƙi ko toka-toka mai warin ruma, da jan tabon tsatsa. A kuma gane da me aka yi tufar, domin kowane ƙwaro da abincinsa. Asu ulu yake so, da gashi, yana kuma taɓa siliki. Gara da gyare su auduga suke ci, musamman mai sitaci ko maiƙon abinci. Jibbar Ansar, mabiya Mahadin Sudan, misali ce mai kyau. A farkon zamanin Mahadi riga ce mai maho ta masu gudun duniya. A zamanin Halifa Abdullahi, daga 1885 zuwa yaƙin Karari na 1898, sai mahon ya koma ado, ana yanka ƙyallaye masu launi a jera su daidai a kan damur. Mahon da yawa na ulu ne, shi ya sa za a ga asu ya cinye su ya bar jikin rigar.

Kafin a yi komai a ɗauki hoto da waya, gaba da baya, da kusa-kusa a wuraren da suka lalace. Sai a ɗauki tambaya a kai wa dattawan gida tun suna nan. "Iya, wannan rigar ta wane ne? A ina aka ɗinka ta?" Za ta iya cewa, "Ta Malam babba ce, kakan babanku, da ita ya shigo ƙasar nan." A rubuta yadda ta faɗa, da sunan garin in ta tuna, da ranar da aka tambaye ta. Rigar da aka san mai ita da hanyar da ta biyo, jikoki ba sa saurin sayar wa dillali.

Ƙwari tukuna

Duk wadda aka ga alamar ƙwaro a jikinta a ware ta nan take. Kada a fesa mata maganin sauro. Yana barin tabo, yana cin launi, ƙwan da ke cikin saƙa kuma ba lallai ya kai gare shi ba.

Gidajen tarihi da sanyi suke kashe su. A naɗe tufar da farin ƙyalle, a sa a leda mai kauri, a matse iska a ɗaure tam, a sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri, ta yi mako biyu. In an fito da ita kada a kwance ledar sai ta kwana ta huce, don raɓar ta tsaya a bayan leda. Sai dai wannan yana buƙatar wuta mai tsayawa. Firizar da ke narkewa tana sake daskarewa ba ta yin wannan aiki.

Abin da muke da shi a yalwace zafi ne, kuma shi ma yana yi. Zafin digiri 55 na wasu awoyi yana kashe ƙwaro da tsutsa da ƙwai. A naɗe tufar da tawul ko zanin gado na auduga, a sa a baƙar leda a rufe ruf, a ɗora a kan angarib, gadon nan na igiya, a tsakar gida da hantsi don kada ta taɓa ƙasa. A tura ma'aunin zafi tsakiyar ƙunshin. In ya kai 55 a ba shi awa uku zuwa huɗu, a lura kada ya haura 60. A watan Afrilu da Mayu wannan ba wuya. Amma ban da duk abin da ke da fata a jikinsa, kamar rigar layu, ko mai gam, ko silikin da ya fara tsattsagewa. Shanya tufa tsirara a rana kuwa wani abu ne dabam, kodar da ita kawai yake yi.

Kafur fa? Yana aiki ne kawai a akwatin da iska ba ta shiga, bai kamata ya taɓa tufa ba, kuma yana da haɗari ga jarirai da ƙananan yara, don akwai waɗanda yake fasa wa ƙwayoyin jini. Ni na fi son a bar shi. Busasshen ganyen darbejiya a ɗan ƙullin ƙyalle a kusurwar adaka ba laifi, yana ɗan kore su, amma ba ya kashe ƙwai, kada a dogara da shi.

Ƙura, da batun wanki

Ƙurar habub yashi ce mai kaifi, in ta zauna cikin saƙa tana yankan zare a hankali. A shimfiɗa gutsuren gidan sauro a kan tufar, a bi ta samansa da injin zuƙar ƙura a mafi ƙarancin ƙarfinsa, bakin injin na ɗan sama, ba a goga ba. In babu inji, burushi mai taushi irin na kwalliya ya isa, ana sharowa gefe guda a hankali.

Yawancin tsofaffin tufafi a nan ya kamata a tsaya. Dafewar da shekaru suka kawo ba datti ba ce, kuma ba ta fita sai da abin da zai ci zaren. Garin gyaran gira ake rasa ido.

Akwai waɗanda ruwa ba ya taɓa su ko kaɗan. Turkuɗi da rawani ɗan Kura: ƙyallin nan nasu daga bugu yake, garin shuni ne mabuga suka daka cikin saƙar har ta ɗauki sheƙi, ruwa na zuba ya tafi, ba ya dawowa. Rigar da aka yi wa rubutu: tawadarmu da ƙaro ake haɗa ta, ruwa kuwa shi ke narkar da ƙaro, kamar dai wanke allo. Lifidi da duk wani abu mai cushe da audugar rimi ko ta gona: bayansa zai bushe cikinsa na jiƙe, sai fumfuna. Rigar da ke da jan alharini a shafinta ko a aikinta, da garmasis, su ma a bar su, don jan na zuba ya shiga fari. Haka baƙin zare da mai ruwan ƙasa na da, waɗanda aka rina da haɗin ƙarfe. Ƙarfen ya riga ya ci su, suna jiƙa sai su marmashe. Zanin haɗe-haɗe kuwa kowane ƙyalle da halinsa, wani ya zuba, wani ya tsuke ya ja maƙwabcinsa.

Abin da ya rage shi ne farar auduga mai ƙarfi, ko mai rinin da aka gwada aka ga ba ya zuba. Gwajin: a jiƙa ɗan farin ƙyalle, a danna a kan kowane launi a wani ɓoyayyen wuri na minti ɗaya ko biyu, a duba. Ko alama aka gani, an fasa. In ya fito fari, a samu faffaɗan baho, a shimfiɗa farin zani a ciki, a kwantar da tufar a kansa. Ruwan sanyi mai tsabta, wanda aka tace. In na kogi ne ko na tanki a bar shi ya kwanta tukuna, don jan ruwan Nilu na damina rini ne da kansa. Sabulun ruwa marar turare da launi, ɗan kaɗan. A riƙa dannawa da tafin hannu, ba cuɗawa, ba murɗawa. A sauya ruwa har kumfa ta ƙare. Da zanin ƙasan za a ɗago ta, domin jiƙaƙƙiyar tufa nauyinta kaɗai ya isa ya yaga ta. A tsane da tawul, a shimfiɗa a inuwa inda iska ke ratsawa. Ba bilic, ba bula, ba sitaci, ba guga.

Gyara

Kaɗan ya isa. Inda ya yage a sa sabon ƙyallen auduga da aka wanke, mai launi kusa da na tufar, ta ciki, a kama shi da siririyar allura da zare mai laushi, ɗinki sakwa-sakwa wanda za a iya warwarewa gobe. Keken ɗinki yana jera huji ne a tsohon yadi, nan gaba ta nan zai tsage. Gam da salatif da ƙyallen da ake mannawa da dutsen guga duk haramun ne a wannan aiki. Aikin wuyan da ya zube kuma kada a ba mai ɗinki ya cike shi da sabon zare. Abin da ya saura na hannun mai aikin farko ya fi daraja ko da rabi ne.

Ajiya

Gidajen tarihi suna neman laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari, da sanyi kusan digiri 20. Ba mai samun wannan a gida a Wad Madani. Abin da za a iya shi ne a guje wa wuraren da suka fi muni, a kuma san cewa da zarar laima ta haura kashi 65 zuwa 70 fumfuna ta samu wurin zama. A Khartum da arewa bushewa da ƙura ne matsalar yawancin shekara. A Gadarif da Damazin damina ce. A Bur Sudan laimar teku ba ta ɗagawa.

A zaɓi ɗaki na ciki, nesa da madafa, da makewayi, da randa, da bangon da rana ke duka. Mukayyif na ruwa, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana cika ɗaki da laima, don haka ɗakin da yake aiki ba wurin ajiya ba ne. A ɗora adakar a kan bulo ko benci, a janye ta daga bango kamar taƙi ɗaya, yadda za a hango hanyar gara tun tana tasowa.

Katako yana fitar da tsamin da ke sa yadi ya yi ja ya yi rauni, ƙarfe kuma yana tsatsa. Saboda haka ko wace iri ce adakar, a shimfiɗa mata takardar alminiyom irin ta girki a ciki, a bi da damuriyya ko wani farin yadin auduga da aka wanke sau biyu ko uku har sitacinsa ya fita. Jarida ba ta shiga, tawadarta na kamawa, takardar kuma tsami gare ta. Leda ma haka, tana tsare gumi a ciki. A cire duk wani fil ko allurar da aka manta a jiki.

Abin da yake shimfiɗaɗɗe, kamar luru, zane da rawani, naɗewa ya fi masa ninki. A roƙi masu sayar da yadi kwalin nan mai kama da bututu da ake naɗo yadi a kai, a rufe shi da alminiyom da farin yadi, a naɗe tufar fuskarta na waje, ba a ja ba, a rufe da wani yadin a ɗaure bakin da tsumma sakwa-sakwa. Turkuɗi a naɗe shi shi kaɗai, don yana shafa wa duk abin da ya raɓe shi.

Babbar riga dole a ninke ta, to a rage yawan ninkin, kada kuma ya bi ta kan aiki. A murɗa tsofaffin fararen ƙyallaye su yi kaurin hannu, a cusa cikin kowane ninki don ya lanƙwasa maimakon ya karye. Mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama, farin yadi tsakanin kowace biyu. Ƙananan gutsattsari, kamar wuyan rigar da jikinta ya mutu ko ƙyallayen haɗi da ba a ƙarasa ba, a kwantar da su a shimfiɗe, kowanne da yadinsa. Labarin da aka samo a rubuta shi da fensir a takarda a sa a ambulan a gefe, a ɗinka ɗan farin ƙyalle mai lamba a cikin tufar don a san wace takarda ce tata.

Turaren wuta da humra da sandaliyya mai ne a cikinsu. Ƙamshin zai tafi, man ya zauna, ya kama ƙura, ya koma tabo mai ruwan ƙasa. A turara kayan sawa, a bar na gado.

A buɗe adakar sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, a duba, a sauya wurin ninki.

Bajewa a falo

Haske ba ya ramuwa. Duk abin da ya ci daga launi ya ci ke nan, kuma taruwa yake yi, na yau a kan na jiya. Gidajen tarihi suna riƙe hasken tufafi a lakis 50, wato dishi-dishi, iya yadda ido zai ga aikin. Suna kuma sauke su bayan 'yan watanni su huta a duhu. A gida a zaɓi bangon da rana ba ta kaiwa a kowane lokaci na yini, nesa da taga, da wurin da ake kunna gawayin dafa kofin jabana ko kaskon turare. Ƙwan LED ya fi, don ba ya zafi. Wata uku a bango, sai a sauke a ɗora wata. Siliki da jan rini su suka fi saurin kodewa, shuni ya fi su juriya.

Ƙaramin abu firam ya fi dacewa da shi. A samu allon katako marar kauri, a rufe shi da alminiyom, a bi da yadi mai taushi, sannan a ja damuriyya wankakkiya a kai a kama ta ta baya. A kwantar da ƙyallen a ɗinke shi a jikin damuriyyar, allura na bi tsakanin zaren saƙa, a gefe-gefe da 'yan wurare a tsakiya don nauyin ya rarrabu. Wannan aiki a yi shi a gida, a kai wa mai firam a gama. Shi da hoto ya saba, hannunsa na zuwa ga gam da ƙusa, don haka a gaya masa a fili: "Usta, don Allah kada gam ya taɓa shi, kuma gilashin kada ya kwanta a kansa." A sa siririn katako a kewaye ya ɗaga gilashin kamar rabin santimita, a rufe bayan da kyau saboda ƙura.

Babbar riga a zura mata sanda ta hannu zuwa hannu, ta buɗe yadda za a ga aska da tambarin baya. A naɗe sandar da auduga da farin yadi ta yi kaurin damtse, don siririyar sanda ko hangar waya tana yanka kafaɗa. Aikin aljihu yana da nauyi kuma gefe guda yake ja, saboda haka rigar da kafaɗarta ta yi rauni ba ta ratayuwa, sai dai a kwantar da ita a kan tebur ranar da baƙi za su gani. Bargo kuma a ɗinka masa dogon aljihun yadi a baya ta sama, da hannu, a zura sanda a ciki. Wadda ta yi laushi ƙwarai, a ɗauke ta hoto mai kyau a wanke babba a rataye, ita ta zauna a adaka.

Sawa fa? Rigar da ke da sauran ƙarfi ana iya sa ta awa ɗaya ko biyu ranar Salla a kan wata rigar, ba turare, a shanya ta a inuwa kafin a mayar. Amma a gidajen da suka ɗauki al'adar jirtik ta bikin aure, kada a fito da garmasis ɗin kaka. Wurin da ake fesa madara ana shafa mai da sandal, sabo ya kamata a saya.

Wurin rabon gado akan ce a yanka rigar malam kowa ya samu albarka. Ina ganin kuskure ne. Gutsure shida a gida shida, cikin 'yan shekaru ba a san inda ko ɗaya yake ba. Gara a yi mata kuɗi a cikin rabo, ko magada su yarda ta zauna wurin wanda ya fi iya riƙo, a rubuta, kowa ya samu hoto.

In ruwa ya shiga, ko tafiya ta kama

Wanda ya ga ambaliyar 1988 ko ta 2020 ya san adaka ba ta hana ruwa. Fumfuna na fara fitowa cikin kwana biyu zuwa uku, don haka a fito da kayan a ranar. A raba masu zuba da farare, a ɗauraye taɓo da ruwa mai tsabta a kan waɗanda suka riga suka jiƙe sharkaf, a tsane da tawul, a shimfiɗa a inuwa a kan angarib don iska ta shiga ta ƙasa da sama. Mai fumfuna a bar ta ta bushe sarai, sannan a share a waje da ƙyalle a hanci.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 gidaje da yawa sun tashi da abin da hannu zai iya ɗauka, kuma ko gidan tarihi na ƙasa da ke Khartum bai tsira daga wawaso ba. In tafiya ta kama, a zaɓi ɗaya ko biyu da suka fi tarihi, a naɗe a zanin gado, a sa a leda saboda ruwa da ƙurar hanya, a tura tsakiyar jaka cikin kayan sawa tare da takardar labarinsu. Ana sauka a cire ledar. Hotunan sauran kuma a tura wa 'yan'uwa biyu ko uku a garuruwa dabam-dabam ta WhatsApp tun kafin a tashi, don waya na iya ɓata a hanya.